Kanari da Kwaɗo a Gayyar Bushiya

An yi wani Kanari mai zaƙin murya da girman kai. Ya taɓa zaman keji a birni, shi ya sa kowa baƙauye ne a wurinsa.

Wata rana tsohuwa Bushiya ta kira gayya, don ciyawa ta cinye mata gona. Ɓeraye da gafiyoyi suka zo da fartanyu. Ta ce duk makaɗin da ya zuga su aka gama noman kafin azahar, ƙwaryar gero tasa ce.

Kanari ya waiga, sai ga Kwaɗo rataye da ganga duk faci.

"Kai, da muryar nan kamar ana jan tsohuwar ƙofa? Koma rijiya, Malam."

"To, sarkin waƙa, bismilla," in ji Kwaɗo.

Kanari ya hau kututture, ya gyara wuya, ya shiga waƙar gashinsa da daɗin da ya sha a birni. Murya kam sai zuma. Ɓeraye suka jingina da fartanyu, wani ƙaton gafiya har da minshari.

"Ɗan nan, noma na kira ko reno?" in ji Bushiya.

Kwaɗo ya daki ganga. "Ina Ɗanbuzu, jikan gafiyar da ta huda rumbu bakwai? Ko gidanku an daina haifar maza?"

Mai minshari ya zabura. "Wa ya taɓa kakata? Ku ba ni hanya!"

Kwaɗo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da taken gidansu. Noma ya kankama, kunyoyin gona sai faɗuwa suke.

Kanari ya ga gero zai wuce shi. "Au, kirari ne? Ai na fi ka iyawa!"

Alhali kirari ɗaya tak ya sani, wanda ya ji ana yi wa kyanwar gidan da ya zauna. Ya ware murya: "Ga mai taku sannu! Dodon ɓeraye ta iso!"

Fartanyu suka zube, kowa ya auka rami. Da ƙyar Kwaɗo ya lallaso su da ganga. Suna fitowa suka rufe Kanari da jifan hoge, sannan suka ƙarasa noman.

Bushiya ta ba Kwaɗo ƙwaryar gero. Shi fa ko gero ba ya ci. Ya miƙa wa manoma, suka cinye tas, Kanari na kan reshe yana haɗiyar miyau.

Darasin wannan labari shi ne, zuciyar mutum kamar ganga take, kowacce da inda ake bugun ta. Kafin ka buɗe baki a taro, san sunan kakarsu, ka kuma san wanda ya cinye ta.