Ƙofar Gidan Sarki da Ba a Sa wa Fitila Ba

Akwai wani mutum mai 'ya ɗaya, sunanta Tabita. Sukan yi wani wasa tare a kwamfuta, inda ake haƙa dutse, a jera tubali bisa tubali, a gina abin da aka ga dama. A cikin wasan Tabita tana da farar tunkiya da ta raina tun tana ƙarama, ta sa mata suna Auduga. Idan dabba ta mutu a wasan nan, ba ta dawowa.

Da lokacin komawa makarantar kwana ya yi, Tabita ta ce, "Baba, ga Auduga nan, amana. Na bar maka fitilu cike da akwati. Duk abin da ka gina, ka sa fitila a kowane lungu, gama a wasan nan dodanni daga duhu suke fitowa."

Ya ce, "Ke za ki koya mini gini? Je ki yi karatunki."

Mutumin ya kewaye garken Auduga da ganuwa, ya tayar da babbar ƙofa irin ta gidajen sarakunan dā. Ya yi mata hasumiya dama da hagu, da ɗakunan 'yan gadi a ciki, da ƙyauren ƙarfe. Ya haƙa rami a gabanta ya cika da ruwa. Fitilun kuwa ya bar su a akwati, don a ganinsa za su ɓata kyan dutsen.

Wata rana ya rufe ƙyauren, ya tsaya yana duban waje, ransa fari. Sai wani dodo mai fashewa ya fito daga ɗakin 'yan gadi, ta bayansa. A cikin duhun ɗakin nan ya tsiro. Ya fashe, hasumiya ɗaya ta rushe, shingen garken ya wargaje.

Mutumin ya ruga cikin ƙura yana neman tunkiyar. Ya tarar da Auduga a can ƙuryar garke, tana cin ciyawa a gindin fitila guda da Tabita ta kafa kafin ta tafi. Ya sunkuyar da kai ya yi godiya. Bai ɗora ko tubali ɗaya ba sai da ya kwashe fitilun, ya bi lungu-lungu yana kafawa.

Da Tabita ta zo hutu, ta dubi ginin ta ce, "Baba, wannan hasumiya ta karkace kamar hular Kawu."

Ya ce, "Bar ta a karkace, 'yata. Shiga ki ga tunkiyarki."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙofar nan halinku ne na waje, wato tufafin Lahadi, da gaisuwar ladabi, da waƙar da kuke rerawa da ƙarfi. Ɗakin 'yan gadi zuciya ce. Fitila Maganar Allah ce. Kuna tsare kanku daga mugayen abokai, ya yi kyau. Amma ƙarya da hassada ba sa bukatar a buɗe musu ƙyaure, a cikin duhun zuciya suke girma.

Ku lura kuma, wannan mutum bai kafa fitilar da ta tsare masa amana ba. Haka yawancinku kuke. Wata uwa ko kaka ta durƙusa dominku tun ba ku san hannun damanku ba, a hasken addu'arta kuke tsaye har yau. Ku gode wa Ubangiji saboda ita, ku je ku gode mata tun tana da rai. Sa'an nan kowa ya buɗe akwatinsa, ya kunna tasa fitilar.