Hannu Mai Yatsu Uku

Akwai wata mata a Jimeta mai suna Keturah, tana sayar da gyaɗa a bakin shagon wani mai ɗaukar hoto, Ozoemena. 'Yar Michika ce. A 2014, ranar da 'yan bindiga suka shigo garinsu, mijinta Zadok ya ce ta yi gaba, zai koma ya kwance awaki kada su mutu a ɗaure. Tun daga ranar ba ta sake ganinsa ba.

Ta yi shekara biyu a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi kafin ta kama ɗaki a Jimeta. Hoton Zadok ɗaya ne ta tsira da shi. Ozoemena ya sa mata shi a Facebook da lambar wayarta, ko Allah zai sa wani ya gan shi.

Shekaru suka wuce shiru. Sai bara, hotuna suka fara shigowa.

Na farko, Zadok zaune a kan benci, ya yi furfura. Mai turowa ya ce a aiko kuɗin mota a kawo shi. Ta aika. Ta wanke zanin gado, ta dafa miyar da yake so, ta zauna a tasha har miyar ta lalace a gida. Na biyun ma haka aka yi.

Da na uku ya zo, Ozoemena ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsunsa.

"Madam, duba nan. Yatsa nawa?"

"Shida."

"To AI ne. Sun ɗauki hoton da muka sa, na'ura ta tsufar da shi. Fuska tana iyawa, amma hannu yana ba ta wahala."

Keturah ba ta yi kuka ba. Ta ƙirga yatsun sau biyu, ta mayar da wayar cikin zani, ta auna wa wani gyaɗa. Daga ranar zuciyarta ta daina tashi, ta daina faɗuwa.

Sai ta zama gwanar layin. Matan da su ma suke neman nasu suka riƙa kawo mata waya. Ta kalli hannu, ta ce "Ƙarya ne," ta miƙa. Har ta kai tana faɗa kafin hoton ya gama buɗewa. Kuma gaskiya, yawanci tana daidai, abin da ya ƙara mata taurin kai ke nan.

Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo daga wata mai suna Raudatu. Ta ce shara take yi a wani asibiti a cikin Yola. An kawo wani dattijo da aka tsinta a daji, ba ya magana sai "Keturah" da "Michika", ita kuma ta taɓa ganin cigiyar. Ga hoto: mutum ramamme a kan gado, hannunsa na dama a kan bargo.

Keturah ta ƙirga. Uku.

"Wannan ma bai iya aikin ba," ta ce, tana nuna wa Ozoemena.

Ya daɗe yana kallo. "Madam, ni shekara ashirin ina ɗaukar hoto. Wannan haske na taga ne na gaske. Ba ta tambayi kuɗi ba fa. Yola ne, Keke Napep ɗaya. Abeg, je ki gani da ido."

"Oga, ba kai ka koya mini ba?"

"Na koya miki ƙirga. Ban ce kar ki tashi ba."

"Na gama zuwa tasha."

Ta toshe lambar. Raudatu ta kira da wayar wata, Keturah ta ji muryar ta kashe. Ozoemena ya ce zai rufe shago ya raka ta, ta ce kada ya ɓata cinikinsa.

Kwana tara bayan haka, wata mata mai hijabi ruwan toka ta tsaya gaban tiren gyaɗa da leda a hannu. Tun safe take bin layi tana tambayar mai gyaɗa 'yar Michika.

"Adda, ke ce Keturah? Ni ce Raudatu."

Ta ce dattijon ya rasu shekaranjiya. Kafin nan bakinsa ya ɗan buɗe: ya faɗi sunan ƙauyensu, da sunan uwar Keturah, da launin ƙofar gidansu. Yatsu biyun kuwa, waɗanda suka riƙe shi ne suka yanke, ranar da ya fara gwada gudu. A cikin ledar rigarsa ce.

Keturah ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta, bai motsa ba.

"Ya san kin same ni?"

"Na gaya masa ranar farko. Na yi murna ne, Adda, ban iya riƙewa ba. Daga nan duk wanda ya buɗe ƙofa sai ya juya."

"Da ya tambaya fa? Me kika ce masa?"

Raudatu ta sunkuyar da kai.

"Kullum ina ce masa kina hanya."

Darasi: Duk wanda ya haɗa hoton ƙarya ya tura wa mai neman ɗan'uwanta, ba kuɗi kaɗai ya sace ba, ya sace mata ikon yarda da gaskiya ranar da ta zo. Ya kamata hukuma ta tilasta sa alama a kan duk hoton da na'ura ta ƙirƙira. Mu kuma kada mu yarda da hoto ido rufe, kada kuma mu ƙi shi ido rufe. Idan wurin na kusa ne, mu tashi mu duba. Ku tura wa wasu, har yanzu akwai masu cigiya a cikinmu.