Ranar da Kontirbas ɗin Alassani Ta Ƙi Magana a Dapaong

Akwai wani a shafin nan, ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Duk wanda ya ba shi shawara, sai ya fara tambayar a wane lekol ya yi karatu. To, mai tambayar lekol, matso kusa, yau da kai nake.

Akwai wani makaɗi a Sokode zamanin mulkin soja, wajen 1973, sunansa Alassani. Kontirbas yake kaɗawa, wato ƙaton gogen Turawan nan mai tsirkiya huɗu da ya fi mutum tsayi, wanda ake tsayawa a kaɗa da yatsa. Hannu kam Allah ya ba shi, kuma ya san an ba shi. Nan matsalar take.

Kontirbas muryarta ƙasa-ƙasa ce. Da ƙaho da ganguna sun tashi, sai ta ɓace. Akwai mikoro guda ɗaya, 'yar na'urar ɗaukar sauti, a maƙale a jikin jakinta, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa. Waya ta tashi daga nan zuwa ampili, akwatin ƙara sauti, ampili ya tura wa lasifika. Amma bai wadatar ba.

Shugaban ƙungiyarsu, wanda kowa ke ce wa Maigida, ya gaji. Ya ce, "Alassani, direbobin kamiyo, masu manyan motocin kaya, sun gayyace mu bikinsu a Dapaong, a fili za a yi. In ba a ji ka ba a can, zan ɗauko wani daga Lome mai jitar lantarki. Ba faɗa ba ne, na gaya maka ne."

Shekara goma sha ɗaya Alassani yana rungume da wannan katako. Ya yi ta nema har ya samo mikoro na biyu wurin wani makaɗi da ya dawo daga Kumasi. Ya manna shi a cikin kontirbas ɗin, ƙasa da jakin, ya murɗe wayoyin biyu wuri guda. Gwadawa? Ina! Ya ce ɗaya da ɗaya biyu ne, ko ɗan yaye ya san wannan.

Aka naɗe kontirbas a katifa, aka ɗaure saman mota, aka yi ta hawa dutse ana gangarowa har Dapaong.

Bayan azahar aka ta da injin wuta don gwaji. Alassani ya ja tsirkiya. Abin da ya fito, kai ka ce sauro ne ya shiga gwangwani. Ya ƙara murya, lasifika ta yi ihu, wasu jakuna biyu da ke ɗaure a bakin fili suka tsinke igiya. Direbobi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce wa Maigida, "Patoro, wannan babbar mota ce da injin keke!"

Akwai wani dattijo a gefe, Issifou, mutumin Korbongou, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Shi aka kira ya ja wayar wuta. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ya matso ya ce, "Ɗan'uwa, bari in duba shi kaɗan."

Alassani ya kare kontirbas da jikinsa. "Duba me? Baba, wannan ba rediyon kanti ba ce. A jirgin ruwa ta zo. A wane lekol ka koyi kiɗa?"

"Ban koyi kiɗa ba."

"To koma wurin wayarka."

Issifou ya ce to, ya koma inuwa, ya sayi ƙosai wurin Salamata mai suya, ya zauna yana ci. Ko fuskarsa ba ta canza ba. Ni da ni ne, wallahi da na tattara wayata na bar su da sauronsu.

Mutane suka fara cika fili. Alassani ya canza waya, ya bubbuga ampili, ya zagi injin wuta, ya zagi mutumin Kumasi. Zufa ta jiƙa masa riga. Maigida ya dubi agogo, ya ce a hankali, "Ajiye ta. Yau za mu yi babu kai."

Nan fa girman kai ya sauka. Alassani ya taka har inuwa, ya durƙusa. "Baba Issifou, bakina ya yi kuskure. Zo ka duba."

Dattijo ya goge hannu. "Bakinka lafiya lau, kunnenka ne ba shi aiki. Taso."

Ya kwantar da lasifika ta kalli sama, ya roƙi gero kaɗan, ya zuba a fuskarta. Ya cire wayar sabon mikoro. "Kaɗa." Gero ya yi tsalle. Ya mayar, ya cire ta tsohon. "Kaɗa." Gero ya yi tsalle. Ya haɗa biyun. "Kaɗa." Gero ya ɗan yi rawar sanyi, ya kwanta.

Issifou ya dubi direbobi. "Ku masu mota, in kamiyo ya kafe a laka, ƙato ɗaya yana tura shi ta gaba, ƙato ɗaya ta baya, ina za shi?"

Suka ce, "Babu inda za shi, Baba!"

"Shi ke nan. Kowane mikoro lafiyarsa ƙalau. Amma lokacin da wannan ke tura lasifika waje, wancan yana jan shi ciki. Ƙarfi biyu, aiki babu."

Ya sa ƙarfen dalmarsa cikin garwashin Salamata. Ta ce, "Issifou, in ka kashe mini wuta, kai za ka soya sauran!" Ya ce, "In na soya, masu saye za su gudu, ke za ki yi asara." Da ƙarfe ya yi zafi, ya ɓalle zare biyun da ke cikin wayar sabon mikoro, ya juya su, na dama ya koma hagu, ya liƙe. Sannan ya raba su, kowanne ya shiga raminsa a jikin ampili da maɓallin muryarsa. Mikoro na ciki ya ƙara masa murya, don shi ke kawo kauri. Na jaki ya rage shi, don a ji cizon yatsa kawai.

"Kaɗa."

Gero ya watse har kan takalman Maigida. Sautin ya bi ƙasa ya hau ƙafafun mutane ya zauna musu a ƙirji. Salamata ta fara rausaya da matsami a hannu. Aka yi rawa har rana ta yi ja, aka tashi don magariba.

Maigida bai sake ambaton Lome ba. Alassani ya ci gaba da kaɗa kontirbas ɗinsa har furfura ta cika masa kai, kuma duk zuwansu arewa, rumfar Issifou yake fara sauka da goro da doyar Sokode. Su zauna suna musu a kan waya kamar 'yan uwa ɗaya.

Darasi: Yawan kaya da ƙarin ƙarfi ba sa gyara aiki in ba wuri ɗaya suke turawa ba. Kuma wanda ya ga inda matsalarka take, saurare shi kafin ka tambayi takardarsa. Ku tura wa wanda kuka san yana bukata. Wanda kuma bai taɓa raina mai gyara sannan ya dawo yana sosa ƙeya ba, ga fili nan a ƙasa, ya fito ya ƙaryata ni.