Ɗan Kura da Bunsuru Mai Ƙafa Uku

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso. Kai Tanimu, cire yatsa daga hanci.

Kura ce ta kai ɗanta makarantar Malam Dila ya koyi farauta. Shi kuwa Dila ba ya son rana. Yana kishingiɗe a gindin tsamiya, yara na ta rerawa: "Akuya, ƙafa huɗu!" Ɗan Kura ya haddace tsaf, amma bai taɓa sa akuya a ido ba.

Ran nan uwar ta kwanta ciwo, kwana uku ba ta sa komai a ciki ba. Ta ce, "Ɗan malam, je ka kamo mini akuya, yunwa za ta kashe ni."

Ya fita da gudu. Can sai ga shi yana jan gado.

"Inna, ƙirga. Huɗu cif!"

"Wayyo ni! Gado zan ci?"

Ya koma wurin Malam. Dila ya yi hamma ya ce, "Au, na manta. Da gemu."

Ya fita, ya dawo da masara goyo guda.

"Inna, dubi gemu!"

Kura ta fashe da kuka. Shi ma tausayinta ya kama shi, ya sake komawa.

Dila ya ce, "Da ƙaho biyu. Kada ka ƙara tashina."

Yana tafe yana bita, sai ya yi kiciɓis da Bunsuru, ƙato, sai wari yake. 

Ɗan Kura ya ce, "Sannu, Baba. Ƙaho biyu, ga gemu. Tsaya in ƙirga ƙafa."

Bunsuru ya naɗe ƙafa ɗaya, ya ce, "Bismilla, ɗan malam."

"Ɗaya, biyu, uku. Ayya, yi haƙuri, Baba, ba kai ba ne."

"Ba komai. Ka ga waccan baƙar a bakin fadama? Ita ce akuya. Ta wutsiya ake kama ta."

Ashe Ɓauna ce! Ɗan Kura ya je ya ƙirga ƙafa, huɗu cif. Murna ta hana shi duba gemu. Ya cafki wutsiya, ta juyo ta ɗauke shi da ƙaho, ta maka shi da ƙasa, tim!

Ya ja ƙugu ya isa gida. Uwar ta lallaɓa ta tashi, ta kai shi bayan gari, ta nuna masa garken awaki.

Ya ce, "Lah! Ai mun gaisa da wancan!"

Tun daga ranar ƙugun kura ya sauka, kuma da ƙafarta take kai 'ya'yanta dawa su gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Tanimu, na ce cire yatsan nan.