Manomin da Ya Ƙi Ɗaukar Faranti

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ku gyara zama, yau misalin abinci na kawo muku, kuma kun san ba na wasa da maganar abinci.

Akwai wani manomi mai rumbuna da yawa, mai girma a ƙauyensu. Tun da uwarsa ta haife shi hannunsa bai taɓa riƙe ludayi ba. In lokacin ci ya yi, yana zaune a zaure za a kawo masa akushi a rufe da faifai, a durƙusa, a ajiye. Haka ya saba, haka kuma ya ɗauka duniya take.

Yana da ɗa guda wanda ya yi aiki shekaru a wani babban birni na bakin teku, birnin otal-otal da gidajen caca. Wata rana ɗan ya aiko a kawo masa mahaifinsa da ƙanen mahaifin, su zo su huta, su ci daɗi. Burinsa ke nan tun yana yaro, ya ga ranar da shi ma zai ciyar da ubansa.

Da suka iso, rana ta take, ɗan ya kai su gidan cin abinci na otal ɗin da ya sauke su. Hanyar kuwa sai ta cikin ɗakin caca: fitilu ja da kore suna walƙiya, injuna suna kuka, ba taga ko ɗaya, mutane sun zuba wa allo ido kamar an ɗaure su. Ɗan ya riƙe hannun ubansa suka wuce. A bakin ƙofa ya biya, aka ɗaura wa kowannensu wani ɗan jan madauri a wuyan hannu. Ya ce musu wannan shi ne shaida, duk abin da ke ciki nasu ne, mutum ya ɗauki faranti ya shiga layi ya ɗebi abin da ransa yake so. Sai aka kira shi wurin aiki, ya ce su fara, yana dawowa.

Jama'a, ku zo ku ga abinci! Tebur ya miƙe tun daga nan har bangon makaranta. Shinkafa fara, shinkafa ja, wata da zabibi a ciki. Kaji a soye, kaji a gashe, kifi mai tsawon hannuna yana kwance a kan ganye. Kankana da abarba an yanka an jera kamar kayan ɗakin amarya. Can ƙarshe kuma rago ne sukutum a kan wuta, ana juya shi, mai yana ɗiga, ƙamshi ya cika ko'ina. Ni da nake sayar da abinci tun kafin maigidana ya rasu, na san kuɗin albasa kaɗai a wurin nan ya isa ya aurar da yarinya.

Ƙanen bai tsaya ba. Ya ɗauki faranti ya shiga layi, ya ciko, ya cinye, ya koma. Yana tafe yana dariya, hularsa ta karkace, yana ba yayansa labarin abin da ya gani a kowace tukunya.

Manomin kuwa ya zauna, ya gyara babbar riga, yana jira a kawo masa. Ya ga manyan mutane masu furfura tsaye a layi da faranti a hannu, abin ya ba shi kunya a madadinsu. Ƙanen ya ce bari ya ɗebo masa. Ya ƙi, ya ce shi baƙo ne, masu gida ne ya kamata su zo su ajiye a gabansa, ba ƙanensa ba.

Da yunwa ta dame shi, ya kira wata ma'aikaciya ya tambayi kuɗin cinyar ragon nan, yana shirin ya taya rabi. Ta ce, “Baba, ba ta da kuɗi. An riga an biya, ga shaida a hannunka. Ka tashi kawai ka ɗiba.”

Ya juya wurin ƙanensa ya ce a garin 'yan caca ba a ba da komai a banza, akwai tarko a ciki, kuma shi bai taɓa cin abin da bai yi cinikinsa ba.

Ƙanen ya ce, “Yaya, in tarko ne, ni dai faranti na huɗu nake ciki, har yanzu bai kama ni ba.”

Lokaci ya yi ta tafiya. Layi ya ragu. Ma'aikata suka fara rufe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ɗan ya dawo da sauri, fuskarsa cike da murna, don ya ga ubansa yana ci. Ya tarar da teburin gabansa fes, ko ƙwayar shinkafa babu. Ya ce, “Baba, abin da na biya ne bai isa ba?”

Ɗan bai yi masa faɗa ba. Ya je ya ɗauko faranti biyu, ya tsaya a ƙarshen layi, ya miƙo guda yana jira. Nan fa tsohon ya miƙe. Ya tattare babbar rigarsa, ya karɓi farantin, ya tsaya bayan wata tsohuwa mai sanda. Ya riƙe cokalin zuba abinci a karkace, miya ta ɗiga masa a hannun riga, bai damu ba. Ya ci, ya ƙara, har gumi ya keto masa. Cinyar ragon dai ta riga ta tafi, wuya ya samu, ya ce ko shi bai taɓa cin irinsa ba.

To, ga ma'anar misalin nan. Ɗan da ya biya a bakin ƙofa, Yesu ne. Jan madaurin nan jininsa ne, shaidar cewa an gama biya. Ɗakin caca duniya ce, mai ƙyalli da ƙara, ta cikinta za mu bi, amma ba a nan abincin yake ba. Teburin kuwa alherin Allah ne.

Manomin nan yana nan cikinmu yau. Wani yana jira fasto ya zo gidansa ya roƙe shi kafin ya tuba. Wata ba ta iya durƙusawa kusa da wadda take bi bashin gaisuwa. Wani kuma yana so ya yi ciniki da Allah, ya ba da buhun masara a bikin godiya ya ce sun biya juna. Ni kun san ni a kasuwa, ko allura ba na saya sai na taya. Amma wannan ba a taya shi, mai shi ya riga ya biya da ransa, kuma faranti wofi kawai ake shiga da shi.

Tukwanen nan ba za su zauna a buɗe har abada ba. Yesu yana tsaye a layi yanzu da faranti biyu, ɗaya naka ne. Ka tashi.