Yadda Kurege Ya Raba Ruwan Ƙasa Gida Biyu

Ga ta nan, ku gyara zama, wanda ya yi gyangyaɗi kada ya tambaye ni gobe.

Wata shekara bazara ta yi tsanani har gulbin dawa ya ƙafe ƙaf, sai yashi fari fat. Kurege kuwa tun sanyi bai wuce ba ya cinye ajiyarsa, ko ƙwayar iri bai bari ba. Ga yunwa, ga ƙishirwa, haƙarƙari duk a waje. In bai samo dabara ba, damina sai dai ta tarar da ƙasusuwansa.

Abu ɗaya ya sani wanda manyan dawa ba su sani ba, don shi mazaunin rami ne. Ruwan da sama ta zubar bara bai tafi duka ba. Wani ya bi gulbi ya wuce, wani rana ta kwashe, saura kuwa ya nutse cikin yashi ya kwanta bisa dutsen da ke ƙasa. Shi ya sa tsamiyar bakin gulbi take kore shar. Sai dai farcen kurege ko zai shekara yana tono ba zai kai can ba.

Sai ya tafi wurin Giwa, ya same ta a inuwa kunnuwa sun langaɓe. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tashi ya kaɗe wutsiya.

"Ranki ya daɗe, uwar dawa. Ni ne Kurege, jakadan Tsohuwar Ƙasa mai tulun da ba ya ƙafewa. Abin da ta raɗa mini da safe, manya sai da yamma suke ji."

Ya ce tsohuwa ta ajiye wa Giwa tulu nata na kanta a gindin tsamiya, amma ba ta buɗe shi sai an gaishe ta da goruba, kuma ta hannun jakada. Mai ƙishirwa ba ya musu. Giwa ta girgizo goruba tuli, ta sa haure da ƙafa ta yi ta tono har yashi ya yi duhu, ruwa ya tsattsafo. Ta sha ta yi wa tsohuwa godiya. Kurege ya sha a bayanta, ya kwashe goruba ya kai wa tsohuwa, wato cikinsa.

Da gari ya waye sai ya haura gulbi kaɗan, ta inda ruwa ke gangarowa da damina, ya ci karo da Kura, harshe a waje. Ya karanta mata irin karatun jiya, sai dai ita gaisuwarta gyaɗa ce daga rumbun mutanen ƙauye. Kura ba ta tambayi zurfi ba, ba ta tambayi wahala ba. Abin da ya dame ta shi ne ko ruwan nan ɗaya ne da na Giwa, don Kura ko inuwa ba ta son a tara da ita.

"Haba, Yaya Kura. Tsakanin tulunki da nata akwai katanga, ko allura ba ta ratsa ta. Da hannuna na yi yaɓenta."

Wannan magana ta fi ruwan yi mata daɗi. Ta sato gyaɗa, ta tona, kuma don haɗama ta zarce Giwa zurfi.

Da gari ya waye rijiyar Giwa ta koma taɓo, don ruwan ya gangara inda ya fi zurfi. Kurege ya san haka sarai, amma ya leƙa ya girgiza kai, ya ce tsohuwa ce ta yi fushi, gorubar jiya ta cika tauri. A ƙaro wata, a ƙara zurfi. Giwa ta ƙara, sai ta Kura ta ƙafe. Kura ta ƙaro gyaɗa ta ƙara tono, sai ta Giwa ta ƙafe. Haka suka yi ta jan ruwa ɗaya kamar mutum biyu da gajeren mayafi, kowacce tana ganin da tsohuwa take ciniki. Ɗan nema kuwa ya haƙa wa kansa hanya tsakanin rijiyoyin, ya cika ta da abinci, duk wadda ke da ruwa nan yake sha. Ya yi ɓulɓul har tafiya ta canza.

Ran nan Kura ta gaji da satar gyaɗa, ta ce ita fa sai ta ga tsohuwar nan ido da ido. Kurege ya ce bari ya kira ta. Ya bi ta hanyarsa, ya shafe jiki da baƙar laka, ya rataya saiwoyin tsamiya a matsayin furfura, ya kifa fasasshiyar ƙwarya a ka. Ya ɓullo daga gindin rijiya yana magana ta hanci irin ta aljanu, yana tambaya wace ce mai son a rufe mata tulu. Kura ga ƙarfi ga tsoro. Ta faɗi tana tuba, ta ce daga yau gyaɗa ninki biyu.

Da ma a nan aka tsaya, da Kurege ya ga damina da ƙiba. Amma Kura ta tsinci mushen jaki, ta rasa inda za ta ɓoye cinyar kada ungulu su gani. Sai ta tuna tana da tulu nata ita kaɗai, mai katanga, an ma tabbatar mata. Ta jefa cinyar a rijiya ta tafi abinta.

Bayan 'yan kwanaki, da gari ya waye, Giwa ta zura hanci a rijiyarta ta janye da sauri. Ruwa ya yi ɗoyi, kuma ɗoyin mushe ne, ita da ba ta cin nama. Ta bi warin har rijiyar Kura, ta leƙa ta ga cinya tana iyo. Ta dubi wannan rijiya, ta dubi waccan. Sannan ta taso Kura a gaba, ta kira jakada ta ce tana son gaida tsohuwa.

Kurege ya shiga ya yi shigarsa, ya ɓullo yana toshe numfashi don wari, ya fara faɗa ta hanci, wai an ɓata mata gida, sai an ninka gaisuwa.

Giwa ta ce cikin ladabi, "Gaskiyarki, Inna. Bari in fara wanke ki."

Ta zuƙi ruwan mushen nan cike da hanci ta fesa masa. Ƙwarya ta yi sama, furfura ta yi gefe, laka ta dalale. Sai ga Kurege tsaye tsirara, da tumbin goruba da gyaɗa.

"To, jakada, ina katangar?"

"Ranki ya daɗe, ai jiya tana nan. Jakin ne ya harbe ta."

Giwa ta naɗo shi ta maka shi da ƙasa. Kafin ya miƙe Kura ta kai masa yakushi a kwiɓi, zanen da yake yawo da shi har yau. Ya ranta a na kare yana ɗingishi, yana jin Giwa ta taka hanyarsa ta rufta da abincin duka.

Giwa da Kura suka binne rijiyoyin nan, suka haura sama suka tona guda ɗaya. Aka yi doka ba mai jefa komai a ciki, don an gane ruwan ƙasa ba shi da ɗaki-ɗaki. Kowa ya sha ban da mutum ɗaya.

Shi kuwa yana can bisa suri, baki a bushe, kwiɓi na zogi, sai ga hadari ya taso daga gabas. Ya miƙe bisa ƙafa biyu ya dubi wani ƙadangare da ke gefe.

"Ka ga wancan? Ruwan da rana ta sace ne, ni na aika a dawo da shi. Je ka gaya musu, wannan karon sai na ga gyaɗa a ƙasa kafin in ce a sauke."

Ƙurunƙus. Wanda ya ce ƙarya na yi, ga yashi can, ya tona ya tambayi tsohuwa.