Rufin Da Ba Ya Yoyo

Akwai wani mutum mai gidan haya a wani gari, wanda ba shi da zance a duniya sai na rufin gidansa. In an zauna hira a inuwa, ko da farashin taki ake tattaunawa, sai ya san yadda ya yi ya jawo zancen ya hau saman ɗaki.

"Ku tambayi kowa," in ji shi, "tun da na kafa gidan nan, ɗigon ruwa bai taɓa shiga ɗaki ba. Ruwan sama in ya iso kan rufina, gaisuwa yake yi ya ratse ta gefe. Wata shekara aka yi ƙanƙara, kowace kamar ƙwan zabo, ta huda rufin kowa a unguwar nan. Da ta zo kan nawa, sai ta narke don kunya. Kuma ba ɗan hayar da ke kawo mini kuka."

Wannan na ƙarshen kam gaskiya ne, amma da dalili. An taɓa yin wani ɗan haya da ya roƙi a gyara masa sakatar ƙofa. Aka gyara sakata, aka ƙara masa haya, bawan Allah ya kwashe kayansa ya bar gidan. Tun daga nan sauran suka ɗauki darasi. In damina ta faɗi, kowane ɗaki sai ka ga an jera robobi da bokitai da tukwane suna tarar ruwa. Da sun ji gyaran muryar mai gida a zaure, sai a tura su ƙarƙashin gado. Shi kuma in ya leƙo, ba ya duban ƙasa. Haka aka zauna lafiya.

To, a ɗakin ƙurya akwai wata gwauruwa da 'ya'yanta, ana ce mata Maman Tabita. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a ɗakin nan take ajiye buhun gyaɗarta. Ruwan farko na shekarar ya sauko daidai kan buhun. Ta ja shi gabas, yoyo ya bi shi gabas. Ta mai da shi bayan ƙofa, nan ma ya same shi.

Wata safiya ta tarar da mai gida a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, rufin ɗakina yana yoyo. Ina roƙo a duba mini."

Mutumin ya waiga dama, ya waiga hagu, ko wani ya ji. Ya ce, "Maman Tabita, rage murya. Ba yoyo ba ne, raɓa ce."

Ta ce, "Baba, raɓar da take cika bokiti?"

Maganar ta tsaya masa a rai kamar ƙaya. Ya jira ranar kasuwa, sa'ad da unguwa ta watse, ya jingina tsani ya hau da kansa, da guntun tsumma da ɗan curin kwalta. Ya liƙe huda ɗaya, wadda ya fi gani, ya sauko yana haki. Da yamma ya kira matar ya ce, "An yi miki gyara, ɗaki ya koma sabo. Sabon ɗaki kuwa da sabon kuɗinsa. In ba za ki iya ba, ki nemi wani wuri kafin wata ya mutu."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta kama ƙafarsa. Sai ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, "Baba, haya ba ta taɓa kwana a hannuna ba. Ɗaki mai rufi na kama, rufi kuma na roƙa. Ba zan ƙara ba, ba zan fita da yara cikin damina ba, sai Mai Unguwa ya ji maganar nan."

Mai gida bai ji tsoro ba ko kaɗan. Hasali ma daɗi ya ji, don a ƙofar Mai Unguwa akwai jama'a, shi kuwa bai taɓa ƙin wurin da za a saurare shi ba. Ranar zama ya sa babbar rigarsa, ya karkata hula, ya zauna a gaba.

Mai Unguwa dattijo ne, kuma kunnensa ya sha labarin rufin nan shekara da shekaru. Ya ce, "Maigida, me ya sa ka ƙara wa baiwar Allah nan haya?"

"Ranka ya daɗe, ɗawainiya na yi! Sabon kwanon rufi na sa aka kawo daga birni, mai kauri, wanda ƙato biyu ba sa iya ɗaga falle guda. Kafintoci suka yini suna bugu. Ƙusoshin da aka kafa, da za a jera su, sai sun kai bakin kogi."

Mai Unguwa ya girgiza kai ya ce, "Ayya, sannu. Ashe rufin ya lalace har haka?"

Mutumin ya zabura. "Rufina? Allah ya sawwaƙe! Rufina bai taɓa yoyo ba!"

"To me kafintocin suka yini suna gyarawa?"

Nan fa ya ga hanya ta rabu biyu a gabansa. In ya ce babu yoyo, babu gyara ke nan, ƙarin haya ya tafi. In ya ce akwai yoyo, taƙamar shekaru ta tafi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ba wanda zai iya saki. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, yoyo dai bai yi ba. Amma na lura ya yi niyya."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Maman Tabita ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin zaninta, ta zuba gyaɗa cikin tafi ɗaya a gaban Mai Unguwa, kowace ƙwaya ta fito da farin tsiro. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san niyya ba. Wannan dai a cikin buhu ta tsira, ban kai ta gona ba."

Mai Unguwa ya juya gyaɗar da yatsa. Sa'an nan ya miƙe, ya kama hannun mai gida kamar aboki, ya fito da shi fili, inda ake hango rufin gidajen unguwa duka. Ya ce, "Idona ya tsufa. Nuna mini sabon kwanon, in taya ka murna. Sabon kwano ai ba ya ɓuya a rana."

Mutumin ya ɗaga yatsa, yatsan ya tsaya a iska. Ga rufinsa can, ja wur da tsatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai wani ɗan baƙin tabo a tsakiya kamar ƙuda a kan tuwo.

Mai Unguwa ya ce, "Matar nan tana nan a ɗakinta, haya kuma tana nan yadda take. Gyaran rufi naka ne, da shi ka ba da ɗaki. Ka je ka kira kafintocin nan naka su dawo, Maigida. Da alama gidan wani suka rufa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: mai neman hakkinsa da ladabi ba mai neman fitina ba ne. Matar nan ba ta yi zagi ba, ba ta hana haya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta faɗi gaskiya ga mai gida, da ya ƙi, ta kai maganar gaban shaidu. Wanda yake haya a cikinku, kada ya ji kunyar yin haka. Talauci ba ya ƙwace wa mutum baki.

Masu gidajen haya kuma, na san kuna nan, ba zan dubi kowa ba. In ɗan haya ya nuna maka ɓaraka, gidanka ya ceto maka. Kada ka sa masa tara a kan gaskiya. Haka yake ga miji a gidansa, da shugaba a wurin aiki, da dattijo a ikkilisiya: in ka ga kowa ya yi shiru a ƙarƙashinka, kada ka yi saurin cewa lafiya ce. Ka tambayi kanka abin da ya sami na ƙarshen da ya yi magana.

Mu tuna kuma, dukanmu 'yan haya ne a duniyar nan, har da masu takardar fili. Mai gidan na gaskiya yana sama. Kullum muna ƙofarsa da roƙon gyara, wannan ya karye, wancan ya tsage, bai taɓa cewa mu rage murya ba, bai kuma taɓa ƙara mana haya ba. Wanda ake yi wa haka, da wane ido zai ƙara wa gwauruwa?